Na Ga Fuskar Motar Babana a Jamus

A watan Yuni na shekarar 2019 Allah ya nufe ni da zuwa ƙasar Jamus. Ikilisiyarmu tana abota da wata ikilisiya da ke kusa da birnin Stuttgart, a kudancin ƙasar, kuma duk bayan ƴan shekaru sukan kira mutum biyu daga cikinmu su je su yi mako biyu a wurinsu. A wannan karo aka zaɓe ni, ni da nake aikin katikis, tare da wata uwa daga zumuntar mata. Labarin taron da muka yi mun riga mun ba da shi a gaban jama'a da muka komo. Wanda nake so in ba ku yanzu, ƴan'uwa, labarin wata rana ce guda wadda ba ta cikin tsarin taron, kuma na daɗe ina riƙe da shi a ciki.

An sauke ni a gidan wani dattijo da matarsa. Shekara 38 ya yi yana aiki a masana'antar Mercedes-Benz, wadda mu muke ce wa Marsandi, a sashen da ake haɗa inji. Matarsa mutuniyar Alsas ce, can bakin iyakar Faransa, a bakinta ya tsinci Faransanci, da shi muka riƙa lallaɓawa, nasa a karye, nawa na lakwal. Wata Talata da dare ya ce mini, "Gobe babu taro. Zan kai ka gidan tarihin motocinmu. Ba a zuwa Stuttgart a koma ba a gan shi ba." Na yi godiya kamar yadda ya kamaci baƙo, amma raina bai so ba. Da cewa ya yi mu je kallon wata tsohuwar majami'a, ko gonakin inabi da ke kan tuddan garin, da na fi murna. Ni da mota akwai tsohuwar tsama, kuma sai na faɗi mafarinta kafin ku gane abin da ya same ni a can.

Mahaifina karen mota ne. A wajenmu aparanti ake cewa, wato mai koyo, amma shi ya yi ta koyo har furfura ta fito masa. Ya shiga aikin yana saurayi, a kan wata babbar Marsandi mai gajeren hanci da bodin katako, ta wani Alhaji, tana ɗaukar albasa daga Galmi da Madawa zuwa Yamai, wani lokaci har Kumasi. Direbobi uku suka yi ta suka bari, Baba yana nan. Ya iya tuƙi sarai, da dare idan barci ya ci ƙarfin direba shi ake ba sitiyari. Amma bai yi karatu ba. Sau biyu ya je neman lasin, sau biyu takarda tana kayar da shi. Saboda haka wurinsa bisa buhunan albasa ne idan mota tana tafiya, ƙarƙashinta kuma idan ta tsaya. Shi ne mai dirowa a guje ya tokare taya da gungume a kan gangare. Shi ne mai ɗebo ruwa a tafki ya zuba wa lagireto. Idan tankin mai ya tsage a daji, ya kwaɓa sabulu ya liƙe. Idan tiyo ya fashe, ya yanko robar tsohuwar taya ya ɗaure. Da kunne yake jin ciwon inji, kamar yadda uwa ke gane kukan ɗanta. Yatsu biyu na hannunsa na hagu sun tafi ranar da jak ya zame a kan yashi, kusa da Doso.

Da kuɗin wannan aiki ya sa ni makarantar mishan. Cikin ajinmu akwai ƴaƴan ma'aikata: ɗan malamin asibiti, ɗan jandarma, ɗan akawun gidan waya. A farkon shekara malami yakan sa kowa ya rubuta sunan ubansa da sana'arsa. Ni na rubuta direba. Shekara shida ina rubuta direba. Ran nan, ina aji huɗu, muna wasa a bakin makaranta lokacin hutun safe, sai ga motarsu ta biyo babban titi, ta rage gudu. Baba yana can bisa kaya, ƙura ta rufe shi, ya ɗaga hannun nan mai yatsu uku yana kiran sunana, ya jefo mini wani ƙulli. Yara suka ce, "Wane ne wannan karen motar da ya san ka?" Na ce, "Wani ne daga unguwarmu." Ban ɗaga masa hannu ba. Sai da motar ta ɓace na je na ɗauki ƙullin. Takalma ne sababbi, na roba, daga Kumasi.

Baba bai taɓa tayar da maganar ba. Da ya komo ya gan ni da takalman, abin da ya ce kawai shi ne, "Sun yi maka daidai?" Na ce sun yi. Ya ce, "To madalla. Kai ka riƙe takarda, ni in riƙe ƙarƙashin mota." Ya rasu a 2009, ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Na yi masa duk abin da ɗa yake yi wa uba a jinya da jana'iza, amma ban taɓa roƙonsa gafarar wannan rana ba. Ga shi kuma, saura wata uku in tafi Jamus, ɗana na fari, mai shekara 16, ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ina so in koyi kanikanci." Na ce masa muddin ina da rai ba zai kwanta ƙarƙashin motar kowa ba. Muka yi kwana da kwanaki gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Da wannan a zuciyata na shiga jirgin ƙasa tare da dattijon nan ranar Laraba da safe.

Gidan tarihin yana kusa da kogin Neckar, daf da ƙofar masana'antar, ga filin ƙwallon garin can gefe. A 2006 aka buɗe shi. Daga waje sai ka ce manyan tasoshin azurfa aka kifa bisa juna, da gilashi a tsakaninsu. Hawa tara ne, da motoci sama da 160 a ciki. Ana ba kowa wata ƴar na'ura ya rataya a wuya ya sa a kunne, tana yi masa bayani da harshen da ya zaɓa. Ba daga ƙasa ake farawa ba. Akwai wani ɗan ɗakin ƙarfe da ke bin bango ya kai ka can ƙoli, daga nan ka riƙa gangarowa a ƙafa. Hanyoyin gangarowar biyu ne, sun murɗe da juna kamar igiyar da aka tufka. Ɗaya tana bin shekaru, daga 1886 zuwa yau. Ɗayar tana bi ta ɗakunan da aka tara motoci bisa ga aikinsu: na ɗaukar fasinja, na ɗaukar kaya, na ceton rai, na manyan mutane. Muka fara da ta shekaru.

Da ƙofa ta buɗe a sama, abin da na fara gani ya ba ni dariya. Doki ne a tsaye, ba mai rai ba, an ajiye shi don a tuna wa mutum abin da duniya take hawa kafin a yi inji. Bayan dokin sai ga motar farko. Ƙafa uku gare ta, sirara kamar na keke, da benci na mutum biyu, da sanda a maimakon sitiyari, inji kuma a baya. Karl Benz ya ƙera ta a garin Mannheim, ya kai takardar neman mallakar fasaharta ranar 29 ga Janairu 1886, ranar da ake ƙirgawa a matsayin ranar haihuwar mota. Ƙarfin injinta bai kai na doki ɗaya ba, gudunta kilomita 16 a awa, yaro mai keke zai wuce ta. Wadda ke nan kwafi ce, ta ainihin tana wani gidan tarihi a birnin Munich. A gefenta akwai keken doki wanda Gottlieb Daimler da abokin aikinsa Wilhelm Maybach suka dasa wa inji a wannan shekara, a Cannstatt, unguwar da muke tsaye a cikinta. A wani ɗakin lambu suka yi aikinsu, a ɓoye, dare da rana, har aka kai ƙara wurin ƴan sanda ana zaton kuɗin jabu suke bugawa. Benz da Daimler kowa nasa yake yi. Kamfanoninsu ba su haɗu ba sai a 1926, Daimler kuwa ya riga ya mutu tun 1900.

Amma labarin da ya tsaya mini a rai na matar Benz ne, mai suna Bertha, dattijon ya ba ni shi muna tsaye a gaban motar. Shekara biyu motar tana nan, mutane suna kallonta kamar abin wasa, masu saye ba su zo ba. Mijin mutum ne mai ɗari-ɗari, kullum gani yake da sauran gyara. Ita kuwa dukiyar aurenta ta zuba a cikin aikin. A watan Agusta 1888, da asuba, ta tashi ƴaƴanta maza biyu, matasa, suka turo motar daga gida a hankali don kada ƙarar inji ta tashe shi, ta bar masa takarda, suka kama hanyar Pforzheim, garin mahaifiyarta, tafiyar kilomita ɗari da ƴan kai. Ba wanda ya taɓa yin irin wannan nisa da mota. Babu gidan mai, babu gareji. Da mai ya ƙare, ta tsaya a kantin magani a garin Wiesloch ta sayi wani ruwa da ake cire dauɗar tufafi da shi, shi injin yake sha. Da bututun mai ya toshe, ta zare doguwar allurar da take maƙale hularta da ita ta tsokale shi. Da wata waya ta kware, ta kwance maɗaurin safarta ta naɗe ta. Maƙeri ya gyara mata sarƙa. Da katakon birki ya cinye, ta sa baduku ya buga masa fata. A kan tudu suka sauka suka tura. Ruwa kuwa sun yi ta nemansa a hanya suna zuba wa inji. Da dare suka isa, ta buga wa mijin telegiram. Da ta komo ta ce masa motar tana bukatar ƙarin giya ta hawan tudu, ya sa mata. Yau ana kiran wannan kantin magani gidan mai na farko a duniya, hanyar da ta bi kuma an sa mata sunanta.

Ina jin wannan, sai sabulu da robar tsohuwar taya suka faɗo mini a rai. Ashe tun ranar da mota ta fara tafiya mai nisa akwai mai sauka ya tura, akwai mai ɗebo ruwa, akwai mai ɗaure abin da ya kwance da duk abin da ya samu a hannu. Aikin karen mota ke nan, babu ragi. Kuma matar mai motar ce da ƴaƴansa suka fara yin sa. Na yi shiru, muka ci gaba.

A hawa na gaba sunan Mercedes ya shigo. Sunan yarinya ne. Ubanta, Emil Jellinek, attajiri ne da ke zaune a birnin Nis, kudancin Faransa, yana sayen motocin Daimler yana sayar wa masu kuɗi. Ya sa aka ƙera masa sabuwa mai ƙarfin doki 35, da sharaɗin a kira ta da sunan ƴarsa, ta kuwa yi fice a tseren 1901. Sunan na Sifaniyanci ne, ma'anarsa jinƙai, daga laƙabin Maryamu Uwar Jinƙai aka samo shi. Na yi murmushi, na ce shekara nawa muna cewa Marsandi a tasha, ba mu san jinƙai muke ambata ba. Tauraron nan mai tsini uku da ke goshinta kuma, nufinsa inji a ƙasa, inji a ruwa, inji a sama.

A bangon gangaren da ke tsakanin hawa da hawa an jera hotunan abin da ke faruwa a duniya a kowane zamani. Da muka iso zamanin Hitila da Yaƙin Duniya na Biyu, sai na ga dattijon ya rage tafiya. A lokacin kamfanin yana ƙera wa sojoji manyan motoci da injinan jiragen sama. Mazajen Jamus sun tafi fagen daga, aka cike gurbinsu da mutanen da aka tilasta. Kamfanin da kansa ya rubuta a tarihinsa cewa a 1944, cikin ma'aikata 63,610, kusan rabi ba da son ransu suke aiki ba: fararen hula da aka kwaso daga ƙasashen da aka mamaye, da fursunonin yaƙi, da waɗanda aka ɗebo daga sansanonin azaba. Gidan tarihin bai tsallake wannan ba. A 1988 kamfanin ya ba da Mak miliyan 20 domin waɗanda suka tsira, a 2000 kuma ya shiga cikin gidauniyar da gwamnatin Jamus da kamfanonin ƙasar suka kafa don biyan su diyya.

Dattijon ya ce mini, "Da na shiga aiki, tsofaffin da suka koya mini sun san wannan duka. Wasunsu sun tsaya kafaɗa da kafaɗa da mutanen nan a gaban inji ɗaya. Amma ba mai faɗa. Sai da aka yi shekara arba'in kafin bakinmu ya buɗe, kafin nan da yawa daga cikin waɗanda ya kamata su ji sun mutu."

Ba ina kwatanta mahaifina da waɗannan bayin Allah ba ne. Baba ɗa ne, da ƙafarsa ya je aikinsa, an kuwa biya shi ko da kaɗan ne. Abin da ya soke ni shi ne shirun, da kuma wannan magana ta ƙarshe, cewa wanda ya kamata ya ji ya mutu. Na ƙirga nawa shirun, na ga ya kusa shekara talatin.

Muka gangaro ta wurin motocin bayan yaƙi. Na ga inda ake bayanin wani injiniya mai suna Béla Barényi, wanda ya gano cewa gara gaban mota da bayanta su lotse su shanye ƙarfin karo, ɗakin da mutane ke zaune ya tsaya da ƙarfinsa. A 1959 aka fara sayar da motocin da aka ƙera a kan wannan dabara. Abu ne mai kyau ƙwarai, rayukan da ya ceta Allah kaɗai ya san yawansu. Sai dai tunanina ya tafi ga mai zama bisa buhu, wanda ba shi da abin riƙewa sai igiyar da aka ɗaure kaya da ita. A ƙasa kuma ga motocin tsere masu launin azurfa, an jera su a kan wani bango mai lanƙwasa kamar suna gudu, yara suna ta ɗaukar hoto. Na ɗauka mun gama. Dattijon ya ce, "Saura hanya ta biyu." Muka sake hawa sama.

Ɗakin farko a wannan hanya na motocin ɗaukar fasinja ne. Ina shiga, sai na tsaya cak. Can a tsakiya ga wata bas, an yi mata ado da launi iri-iri da zane-zane masu lanƙwasa, tana ƙyalli kamar amarya. Allon da ke gabanta ya ce daga Buenos Aires take, babban birnin Ajantina, ƙirar 1969, ta yi shekaru tana jigilar mutanen birnin. Ƙashinta da injinta na Marsandi ne, bodin kuwa maƙeran can suka yi, kamar yadda kafintocinmu suke yi wa tamu bodin katako, masu fenti su rubuta mata kirari. Amma ni ba adon na gani ba. Fuskarta na gani: gajeren hancin nan mai ƙumburi, da faffaɗan baki mai kama da ƙwai a kwance, da tauraro a tsakiya, da fitilu zagayayyu. Fuskar motar Baba ce, ba ko tantama. Fuskar da ta rage gudu a bakin makarantarmu.

Irin wannan ƙira mai gajeren hanci an fara ta ne a 1959. A Turai an daɗe da maye gurbinta da masu shafaffiyar fuska, amma aka ci gaba da ƙera ta har tsakiyar shekarun 1990 domin Afirka da ƙasashen Larabawa da Kudancin Amurka, inda masu saye suka ƙi rabuwa da ita. Dalili kuwa a fili yake. Ba ta da kwamfuta, ba ta da wani ɓoyayyen abu, mai sifana da guduma da kunne mai kyau zai iya tayar da ita a tsakiyar daji. Danginta ne muka saba gani suna ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku da Bilma, kaya da jarkoki sun rufe su har ba a ganin bodi.

Ban san lokacin da na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta ba. Tsaf yake, ko ɗigon baƙin mai babu. Babu tabarma, babu gwangwanin noti, babu ƙafafu biyu da suka leƙo waje. Sai hawaye suka zo mini, ni babban mutum, a gaban baƙi daga ƙasashe daban-daban. Dattijon ya kama hannuna ya kai ni wani benci, bai tambaye ni komai ba. Ni da kaina na fara. Na ba shi labarin albasa, da jak, da takalman roba, da "wani ne daga unguwarmu". Ko matata ban taɓa faɗa wa ba.

Ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya tambaye ni shekara nawa motar ta yi tana aiki. Na ce tun ina goye nake ganinta, har na yi aure tana kan hanya. Ya buɗe tafin hannuwansa yana dubawa, na ga su ma duk tabo ne. Ya ce, "Mu inji yakan wuce ta gabanmu, mu ɗaure namu, ya tafi, ba mu ƙara ganinsa. Mukan ji labari wai suna can Afirka suna aiki bayan shekara ashirin, talatin, mu yi ta alfahari muna cewa ƙirar Jamus ce. Ban taɓa tambayar kaina wa yake kwana a ƙarƙashinsu ba. Ashe babanka abokin aikina ne, ban san shi ba."

Daga baya mun zagaya sauran ɗakunan. Mun ga motocin kashe gobara da na asibiti, mun ga na sarakuna, mun ga farar motar nan mai ɗakin kallo a baya wadda aka yi wa Paparoma Yohanna Bulus na Biyu da ya ziyarci Jamus a 1980. Dattijon ya ɗauke ni hoto a gabanta, don ya san mutanen gida za su tambaya. Amma zuciyata tana can sama, wurin bas ɗin Ajantina.

A jirgin komowa na yi ta juya abin. Gidan nan cike yake da sunaye: masu ƙirƙira, injiniyoyi, direbobin tsere, sarakuna. Babu sunan karen mota ko ɗaya. Ban ga laifinsu ba, kowane gida labarin kansa yake bayarwa, su kuwa sun ba da nasu har da inda ba daɗin faɗa. Namu labarin, mu ne za mu ba da shi, mu ne kuma muka ɓoye shi. A makaranta an koya mana cewa aikin hannu abin girmamawa ne, har noman gyaɗa muka yi a gonar makaranta. Amma abin da zuciyarmu ta ɗauka dabam ne: mai farar riga ya fi mai baƙin hannu, karatu kuma tsani ne na guje wa aikin iyayenmu. Ni da nake koya wa yara dokar girmama uba da uwa kowace shekara, sai da na je wata ƙasa na ji baƙo ya kira ubana abokin aikinsa kafin in iya kiran sana'arsa da sunanta. Alhali albasar da ta kai Kumasi, da hatsin da ya kai ƙauyuka a shekarun fari, da kwanon rufin majami'armu, duk a bayan irin wannan mota suka zo, kuma ba su iso ba sai da wani ya kwanta a kan yashi mai zafi ya ɗaure abin da ya kwance.

Da na iso gida, na huta kwana biyu, sai na kira ɗana. Ya zo ya durƙusa, kansa a ƙasa, yana jiran faɗa. Na ce ya zauna. Na ba shi labarin kakansa duka, har da abin da na yi a bakin makaranta. Na ba shi labarin matar nan da allurar hularta. Sa'an nan na ce, "Na yarda ka koyi kanikanci, amma da sharaɗi ɗaya. Za ka gama kwalaji. Motocin yanzu kwamfuta ce a cikinsu, sai mai karatu yake jin ciwonsu. Takardar da ta kayar da kakanka sau biyu, ba na so ta kayar da kai." Ya ce, "Na ji, Baba." Washegari na sayi goro, muka tafi garejin wani tsoho da suka yi zaman tasha tare da mahaifina. Na gaishe shi na ce, "Baba, ga jikan abokinka na kawo maka." Tsohon ya dubi yaron, ya dubi hannuwansa, ya ce, "Idan ya gaji kunnen kakansa, ba zan sha wahala ba."

Yaron ya cika alkawari. Ya gama kwalaji, da yamma da lokacin hutu yana gareji, yanzu kuma da aikin yake ci. Gafarar da ban roƙa ba, lokacinta ya wuce, na bar ta a hannun Mai Jinƙai. Amma ku da naku iyayen suke da rai, masu dako da masu jima da masu wanki da masu kwana a tasha, kada ku jira sai kun je Jamus. Ni dai yanzu, idan ɗana ya komo da magariba hannunsa baƙi ƙirin da mai, yakan noƙe ya ce bari ya wanke tukuna. Ba na jira, sai in kama hannun haka nan in yi masa sannu da aiki. Idan kuma aka tambaye ni sana'ar mahaifina, a ofis ko a taro, nakan ce karen mota ne.